Ban Sa Hannu a Fayil Ɗin Malkhaz Ba

Litinin, 6 ga Oktoba, 7:10 na safe

An hana mu ajiye littafi irin wannan. Na san dokar, shekara biyu ina koya wa sababbin shiga ita. Jiya na saye shi a kantin da ke ƙasan gidan da aka sauke mu, na 'yan makaranta ne, da hoton kyanwa a bango. Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, ba zan rubuta sunan ofishinmu ba. Nawa dai zan rubuta, Sanda Olaru, don kada wata rana a ce wani ne.

Yau sati bakwai da zuwanmu. Gwamnatinmu ce ta ba gwamnatinsu aron mu, bayan kutsen da aka yi wa kwamfutocin gidan ruwan birnin a watan Agusta. Kwana biyu famfo na kawo ruwan da ba a tace ba, ba wanda ya sani. Yara goma sha ɗaya aka kwantar. Goma sun koma gida. Ɗayar sunanta Tekla, shekararta shida, hotonta na manne a kowace tashar bas daga nan har ofis.

Aikina nuna yatsa. Wasu su tattaro sawun masu kutse, ni in bi shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan har in ce ga na'urar, ga mai ita. Idan na sa hannu, sai a shafe na'urar daga nesa, ta koma ƙarfen banza. Mai ita kuwa, 'yan sandan ƙasar su san yadda za su yi da shi.

Ranar Juma'a Kanar Parvu, shugaban tawagarmu, ya ajiye mini fayil a tebur. Ya ce, "An gama, Olaru. Horia ya haɗa komai. Karanta ki sa hannu, mu koma gida kafin dusar ƙanƙara ta fara."

Na karanta. Ban sa hannu ba.

Talata, 7 ga Oktoba, 1:40 na rana

Sunan mutumin Malkhaz. Shekara hamsin da takwas, tsohon mai gyaran layin tarho. Shi ya jawo intanet zuwa wani kwari da ke kan iyaka, ƙauyuka tara, da saba guda ɗaya tal, wato babbar kwamfutar da ke rarraba wa kowa layi. A ɗakin ajiyar matarsa take, ina jin tsakanin kwalaben tumatir. Umarnin da ya tsayar da injin tace ruwa ta cikinta ya bi, kuma da sunansa aka shiga. Ya taɓa aikin shekara shida a ƙasar da ke tsallaken iyaka, wadda kowa ke zargi amma ba mai kiran sunanta a taro. Shi ke nan fayil ɗin. Shafi uku.

Mun ci abinci da Horia a gidan burodin cuku na bayan ofis. Shekara tara muna aiki tebur da tebur, ni ce uwar baftismar 'yarsa. Na ce masa, "Horia, na'urori bakwai suka bi. A shida sun share sawunsu tas, ko ƙura ba su bari ba. A ta bakwai suka bar suna da lokaci a jere, kamar an shirya wa baƙo tebur. Wane ɓarawo ne zai goge sawu a gida shida, ya zo na bakwai ya ajiye katin shaidarsa?"

Ya ce, "Ɓarawon da ya gaji."

"Kalmar sirrin sabar ita ce wadda aka sayo ta da ita daga kamfani. Bai taɓa canzawa ba. Kakata ma za ta iya shiga."

"Kakarki ta rasu."

"To ka gani."

Ya yi dariya har cuku ya ɗigo masa a riga, sannan ya daina. Ya ce, "Sanda, ke dai a ba ki dafaffen ƙwai sai kin nemi gashinsa. Yarinya ta mutu. Mutane na son suna."

Na ce suna nake nema ni ma. Na gaske.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Kanar ya kira ni ofishinsa. Ya dafa mini kofi da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, sai na san da magana.

Ya ce, "Olaru, ke ce mafi iya aiki a cikin duk waɗanda na taɓa riƙewa."

Na ce, "Na gode, yallaɓai. Ba zan sa ba."

"Ban tambaye ki ba tukuna."

"Na rage maka hanya ne."

Kafin a shafe na'ura sai masu tantancewa biyu sun sa hannu cewa tabbacinsu mai ƙarfi ne. Mu biyu ne a nan, ni da Horia. Horia ya sa nasa tun Juma'a. Kanar ya ce ministansu da namu za su tsaya gaban 'yan jarida ranar ashirin ga wata, kuma ba za su tsaya hannu wofi ba. Ya ce akwai abubuwan da ke sama da ni, sama da shi ma. Na ce to su sauko su sa hannu.

Sai ya kawo maganar wancan zuwan. Ya ce, "Shekara huɗu baya, a waccan ƙasar mai zafi, ba ki yi wannan taurin kan ba. Hujjar ma ba ta kai wannan ba."

Na shanye kofin na ajiye masa a kan fayil ɗin.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 6:50 na safe

Ba zan rubuta komai a kan wancan zuwan ba.

Juma'a, 12:15 na rana

Akwai wata doka da ba wanda ke amfani da ita. Mai tantancewa da bai yarda ba yana da ikon rubuta shafin saɓani, a liƙa shi a fayil. Da an liƙa, shafe na'ura ya tsaya sai kwamiti ya zauna a gida, kuma ba mai iya cire shafin sai wanda ya rubuta shi. Na rubuta nawa da safen nan. Layi goma sha tara. Ya zama shafi na huɗu.

Da na miƙa, Kanar ya karanta a tsaye, ya ce, "Kin san abin da kika yi wa kanki?"

Na ce, "Na sani. Ina buƙatar kwafi mai hatimi, yallaɓai."

Lahadi, 12 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Na kira Tata, mahaifina. Ya ce inabin bayan gida ya nuna, ya matse shi shi kaɗai, bayansa na ciwo, kuma maƙwabcinsa ya sake sare masa reshen bishiya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙin jirgin ƙasa, har yanzu da ihu yake magana a waya kamar inji na aiki a bayansa.

Ya ce, "Muryarki ba daidai ba. Kina cin abinci?"

"Ina ci, Tata."

"Ƙarya. Faɗa kika yi da wani."

"Da shugabana."

"Ke ce da gaskiya?"

"Ban sani ba. Abin da na sani shi ne shi ma bai sani ba."

Ya ce, "Sau ɗaya aka ba ni koren fitila na ƙi wucewa, don idona ya ga abin da fitila ba ta gani ba. Wata uku suna hukunta ni." Na tambaye shi me ya gani. Ya ce saniya ce. Muka yi ta dariya.

Litinin, 13 ga Oktoba, 9:05 na safe

Katina ya daina buɗe ƙofar ɗakin aiki. Jar fitila, ƙara biyu. Na gwada sau uku don masu gadi su gani da kyau.

Laraba, 15 ga Oktoba, 3:20 na yamma

An ba ni tebur a baranda, kusa da injin kofi, an ce in riƙa duba tsofaffin takardun koyarwa ina gyara kurakuran rubutu. Na sami arba'in da biyu yau. Na aika wa Kanar duka, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a saƙonsa.

Manjo Keto ta same ni a can. Ita ce jami'ar ƙasar da ke haɗa mu da mutanensu, doguwa, ba ta cire hularta ko a cikin gini. Sati takwas muna shan taba tare a bayan janareta. Yau ba ta zauna ba.

Ta ce, "An ce ke kika tsayar."

"Ni ce."

"Unguwarmu ɗaya da uwar Tekla. A layi ɗaya muke sayen burodi. Kullum sai ta tambaye ni, Keto, baƙin nan da aka kawo sun gano? Me zan ce mata? In ce wata baƙuwa na jin ƙaiƙayi a zuciyarta?"

"Ki ce mata ana so a bar jaki a daki taiki."

"Ke za ki hau jirgi ki koma gida. Mu ne za mu ci gaba da shan ruwan nan."

"Shi ya sa. Idan aka kama wanda ba shi ba, mai yi na nan, kuma ya san hanyar."

Ta dube ni kamar ta mare ni. Na ce, "Keto, awa biyar ce a mota. Ba a ba ni izinin fita birni ba. Ke je ki gani. Ki tambayi inda yake ranar goma sha shida ga Agusta da ƙarfe biyu na rana. Ki duba kuma me da me ke kan layin nan nasa."

Ta ce, "Ni ba 'yar aikenki ba ce." Ta tafi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 1:00 na rana

Horia ya ɗauki farantinsa ya koma wani tebur da ya ga na shigo. Bai ɗago ba. Na je na zauna a gabansa, na ɗauki burodinsa na ci.

Ya ce a hankali, "Don Allah, Sanda. Ana kallonmu."

Na ce, "Su kalla. Gishiri ya yi yawa a miyar nan."

Asabar, 18 ga Oktoba, 11:30 na safe

An turo wani daga gida, daga sashen binciken ma'aikata. Kwat mai launin toka, fuska mai launin toka. Awa uku muka yi a ɗakin da ba taga. Ya tambaye ni ko na taɓa haɗuwa da Malkhaz. Ko ina da dangi a tsallaken iyaka. Me ya sa na kira wata lamba sau huɗu a Satumba. Na ce lambar mai gidan da muke haya ce, bututun banɗaki ne ya toshe, in yana so in kai shi ya gani.

Ya ce, "Madam Olaru, kina barci sosai tun bayan wancan aikin na shekara huɗu baya? An ce kin ga likita."

Ashe ta nan za su ɓullo. Ba su iya karya layi goma sha tara ba, sai su ce mai rubutun ce ta karye.

Na ce, "Na ga likita sau shida. Rubuta. Ka rubuta kuma cewa kalmar sirrin sabar ta kamfani ce, likita bai canza wannan ba."

Ban sa hannu ba. Ban cire shafin ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, 6:20 na yamma

Sun kama Malkhaz da safe. Kamu ba ya buƙatar hannuna, na 'yan sandansu ne, shafi uku sun ishe su.

A talabijin ɗin kantin ƙasa na gani, ina sayen madara. Ɗan ƙaramin mutum ne ashe, da rigar sanyi mai zanen barewa, irin wadda mace ke saƙa wa mijinta. Mutum biyu masu rufe fuska sun danne masa kai suna tura shi mota, takalminsa ɗaya ya faɗi ƙasa. Sai ministoci biyu a gaban tutoci. Mai kantin ta tofa wa talabijin yawu ta ce Allah ya ƙona shi. Ta juyo ta ce mini, "Ku kuka gano shi, ko? Allah ya yi muku albarka." Ta ƙi karɓar komai a kan madarar.

Na zubar da ita a kwatami.

Talata, 21 ga Oktoba, 8:00 na safe

Takalmin.

Laraba, 22 ga Oktoba, 2:45 na rana

Keto ta zo baranda. Ta ajiye mini sigari a tebur ta yi gaba, na bi ta bayan janareta.

Ta je kwarin ranar Lahadi da motar ƙaninta, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ranar goma sha shida ga Agusta Malkhaz na aurar da 'yarsa a wani ƙauye mai nisan awa ɗaya daga gidansa. Mutum ɗari biyu. Ta nuna mini bidiyon a wayarta. Ga shi nan da ƙahon giya a hannu yana jawabi, yana kuka, agogon coci a bayansa na nuna biyu da kwata. A daidai wannan lokacin fayil ɗin ya ce yana zaune gaban sabarsa yana kashe injin ruwa.

Na ce, "Za su ce ya ba wani sunansa ya shiga."

"Sun riga sun ce. Na kai wa shugabana jiya, ya ce in goge, in tafi hutu."

Sai ta faɗi ɗaya maganar, ta layin. Asibitin kwarin ba shi da likita, nas biyu ne. Idan wani ya faɗi da ciwon zuciya, ta wannan layin suke aika hoton bugun zuciyarsa birni, likita ya gaya musu abin da za su yi. Hanyar kuwa dusar ƙanƙara na rufe ta daga Nuwamba har Afrilu. Ba wanda ya rubuta wannan a fayil, don ba wanda ya tambaya. Ni ma ban sani ba lokacin da na rubuta shafina. Yanzu surukin Malkhaz ne ke kula da sabar, ana karanta masa umarni daga wani littafi da Malkhaz ya rubuta da fensir.

Keto ta taka sigarinta ta ce, "Ina buƙatar kwafin shafin nan naki."

"Ba zan iya ba ki ba. Laifi ne babba, kuma abin da suke jira ke nan."

"To?"

"Amma lauya na iya roƙon kotu ta nemi cikakken fayil. Ya ce cikakke. Ya tambayi shafi nawa ne."

Ta yi murmushi, karo na farko cikin sati guda. Ta ce, "Ke muguwa ce, baƙuwa."

Na ce, "Ba ni wuta."

Juma'a, 24 ga Oktoba, 10:10 na safe

An ba ni awa ashirin da huɗu in haɗa kayana. Takardar ta ce saboda lafiyata. Lafiyata ƙalau.

Asabar, 25 ga Oktoba, 12:30 na rana, filin jirgi

Horia ne ya kawo ni, shi ya roƙa. A wurin ajiye motoci ya kashe inji ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ya ce, "Na ga abin da kika gani tun kafin ki gani. Na'ura ta bakwai. Na gani."

"Na san ka gani."

"Ina da yara uku, Sanda. Ke ba ki da kowa sai tsoho da inabi."

"Shi ma yana da 'ya. Ta yi aure a Agusta. Ka ga bidiyon?"

Ya ci gaba da riƙe sitiyari. Na so in zage shi, zagin ya ƙi fitowa, don na san kujerar da yake zaune a kai. Na zauna a kanta shekara huɗu baya, da ƙarfe huɗu na yamma, jirgi na jirana. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Na ce masa ya gaishe mini da 'yata ta baftisma, kuma har yanzu zai iya janye hannunsa, doka ta ba shi dama. Ya sauke mini akwati ya ce in sauka lafiya.

Laraba, 29 ga Oktoba, 5:00 na yamma, gida

Tata ya tuƙa mamaliga, tuwon masararmu, da cuku da kirim, ya tsaya a kaina sai da na cinye. Yana so in taya shi rufe itacen ɓaure kafin sanyi. Na rufe. Na share ganye. Na wanke tagogi. Na sake wanke su.

Akwai wata farar mota a bakin layi tun Litinin, da masu sa mini ido a ciki. Tata ya kai musu inabi a faranti, ya ce musu su dawo da farantin.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 9:00 na safe

Dusar ƙanƙara ta sauka a can, na gani a labarai. Hanyar kwarin ta rufe. Layin na aiki.

Kwana goma sha bakwai Malkhaz yana tsare.

Laraba, 12 ga Nuwamba, 4:40 na yamma

Kwamiti ya zauna a babban birni. Mutum biyar a dogon tebur, Kanar Parvu a gefe yana duban farcensa. Shugabar kwamitin dattijuwa ce mai taushin murya, ta ce mini 'yata. Ta ce kotun can ta nemi cikakken fayil, kuma idan shafi na huɗu ya isa hannun lauya, za a kunyata ƙasashe biyu. Ta ce ba wanda ke cewa na yi ƙarya. Ana so ne kawai in janye shafin don a sake nazari a tsanake. Za a mayar mini da katina, za a ƙara mini girma, za a manta da maganar likita.

Ta turo mini takardar janyewa da alƙalami mai kyau.

Na ce, "Uwata, idan na janye, shafin ya tafi ina?"

Ta ce, "Kamar ba a taɓa rubuta shi ba."

Na ɗauki alƙalamin. Na ga Kanar ya sauke numfashi. A wurin sa hannu na rubuta, Ban janye ba, na ƙara da cewa asibitin kwarin na kan wannan layin, na sa kwanan wata da sunana a ƙasa. Na ce a liƙa wannan ma, ya zama shafi na biyar.

Muryarta ta daina taushi. An karɓi katina a bakin ƙofa.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Wasiƙa biyu a rana ɗaya. Ta farko daga ofis: an sallame ni. Ta biyu daga kotun can: ana gayyatata in ba da shaida ranar huɗu ga Disamba, a kan shafina kawai, wanda tuni ya isa hannunsu. Da rana mutumin nan mai kwat launin toka ya kira ya ce idan na je, ofis na iya gurfanar da ni a nan gida. Na ce masa ya turo wannan ma a rubuce, da hatimi.

Tata ya ce, "Za su ɗaure ki?"

"Mai yiwuwa."

"To ɗauki babbar rigar sanyin mamarki. Taki ba ta da kauri."

Alhamis, 4 ga Disamba, 6:15 na yamma

Keto ta tarbe ni a ƙofar kotu cikin kayan gida, an dakatar da ita ita ma. Ta ce, "Kin rame, baƙuwa." Na ce ita ma ba ta yi kyau ba.

Wata biyu na san Malkhaz ta lambobi, lokacin da yake kunna na'ura da lokacin da yake kashewa. Yau na gan shi a cikin kejin gilashi, an aske masa kai, yana ta gyara wuyan riga. Bai san ko ni wace ce ba har aka kira ni.

Ta bakin tafinta alƙalin ya tambaye ni, "Kin tabbata ba shi ba ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce ba shi ba ne. Na ce ba mu sani ba. Waɗanda suka rubuta cewa sun sani, su ma ba su sani ba. Ina ɗakin."

Mai gabatar da ƙara ya kawo maganar likita. Na ce sau shida, kuma zan koma na bakwai bayan wannan. Wani ya yi dariya a baya. Aka kunna bidiyon bikin, Malkhaz ya ga kansa da ƙahon giya, ya rufe fuska da hannu. Sai lauyansa ya miƙa wata takarda da ta iso jiya daga gida. Horia ya janye hannunsa. Layi ɗaya ya rubuta, ba dalili.

Ƙarfe uku alƙalin ya sake shi. Ba a wanke shi ba, an ce bincike na ci gaba, kuma ba zai iya komawa kwarin ba sai hanya ta buɗe. 'Yarsa ce ta zo ɗaukarsa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ɗan tsaya, ya dafa ƙirji, ya wuce.

A baranda wata mata cikin baƙaƙen kaya ta tare ni. Ban buƙaci a gaya mini ba, idanunta irin na Tekla ne, waɗanda ke kowace tashar bas. Keto ta so ta shiga tsakani, matar ta ture hannunta. Ta yi magana a hankali, Keto na fassarawa.

"Kwana arba'in da biyar ina barci, don an ce an kama shi. Yau kin ƙwace mini. To waye?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yar'uwa."

"Ba ki sani ba. Kika tsallako teku don ki ce ba ki sani ba."

"E. Da na ba ki wannan, da an rufe fayil an daina nema. Yanzu dole su nema."

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka za ta tofa mini yawu, kuma da ban goge ba. Sai ta kama wuyan rigata da hannu biyu ta jawo ni, har ina jin numfashinta, ta faɗi wata gajeriyar magana, ta sake ni ta sauka matakala ita kaɗai.

Na tambayi Keto me ta ce.

Keto ta ce, "Ta ce, to ki nema."